Ido da Kyamara: Amsoshin Wasiƙunku a kan Siffa da Zubi

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ne wajen abu guda, wato yadda mai ɗaukar hoto ko mai zane zai koya wa idonsa ganin siffofi da zubin da ke cikin abubuwan da yake wucewa kullum. Na zaɓi guda huɗu na taƙaita su, kuma kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, kuma tun da na sayi waya mai kyakkyawar kyamara sha'awar ɗaukar hoto ta kama ni. An ce mini in riƙa neman siffofi da abubuwan da ke maimaita kansu, amma ni ban ga komai a Legas ba sai cunkoso, kuma duk hoton da na ɗauka sai ya fito a cakuɗe. A ina ake samun waɗannan siffofi? (Daga wani ɗan'uwa a Ketu)

AMSA: Ɗan'uwa, abin da kake nema yana gaban rumfarka, kuma ina ganin babu wanda ya fi ka dacewa da wannan karatu a duk masu rubuto mana. Bakin kwandon tumatir da'ira ne. Idan babbar mota ta iso daga Kadawa aka sauke kwanduna aka jera su reras, ka sami da'irori masu yawa, kowace cike da ƙananan da'irori jajaye. Buhunan albasar Aliyaro da kuke ɗorawa a kan juna suna yin zubi irin na jerin tubali a jikin katanga, kasa-kasan attaruhu kuma kowane ɗaya alwatika ne mai tsini a sama. Dalilin da ya sa ba ka gan su ba shi ne kana kallonsu da idon ciniki: kana ganin farashi, da wanda ya fara ruɓewa, da wanda zai kai gobe.

Akwai bambanci tsakanin ido da kyamara wanda in ka fahimce shi rabin matsalarka ta kau. Ido yana zaɓe, kyamara kuwa ba ta zaɓe. Lokacin da ka kalli kwando, ƙwaƙwalwarka tana ture ledar da ke ƙasa, da ƙafar mai wucewa, da wayar lantarkin da ta gitta ta sama, sai ta bar maka kwandon kaɗai. Kyamara duk tana kwashe su ta ba su matsayi ɗaya. Masana halayyar ɗan'adam na ƙasar Jamus, musamman Max Wertheimer a rubutunsa na 1923, sun yi bayanin cewa ƙwaƙwalwa tana haɗa abubuwan da suke kusa da juna ko suka yi kama da juna ta gan su a matsayin abu guda. Shi ya sa jerin kwanduna goma ba ya gajiyar da mai kallo, amma tarkace iri goma daban-daban suna gajiyar da shi. Aikinka na farko, ke nan, ragewa ne. Ka matsa kusa har sai kwandunan sun cika fuskar wayar daga gefe zuwa gefe, ba a ganin inda suka fara, ba a ganin inda suka ƙare, domin zubin da ya tsallake iyakar hoto yana sa mai kallo ya ji kamar ya ci gaba har inda ido ba ya kaiwa.

Bayan haka sai ka canza wurin tsayawarka. Mafi yawan mutane a tsaye suke ɗaukar hoto, waya a daidai ƙirji, kuma daga nan ne Legas ta fi cakuɗewa, domin komai yana bayan wani abu. Ka hau gadar masu tafiya a ƙafa a titin Ikorodu, misali ta Ojota, ka leƙa ƙasa. Motocin danfo da ka saba gani suna rububin fasinja za su koma dogayen akwatuna masu ruwan ɗorawa a jere, laimomin 'yan tireda su koma da'irori masu launi. In wata rana kana cikin mota a kan gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990 kuma tsawonta ya kusa kilomita 12, ka dubi ɓangaren Makoko ta taga: rufin gidajen da ke tsaye a kan turaku cikin ruwa, da kwale-kwalen da kowane ɗaya yake da siffar ganyen mangwaro. Amma ina roƙonka kada ka sa a tsaya da mota a kan wannan gada saboda hoto, domin hatsari ne a gare ka da waɗanda ke bayanka.

Sai batun haske, wanda shi ne ke fito da siffa ko ya binne ta. Legas tana kusa da tsakiyar duniya, digiri shida da 'yan kai ne kawai a arewa, saboda haka da tsakar rana hasken yana saukowa ne kai tsaye daga sama, inuwa ta maƙale a ƙarƙashin abu, komai ya yi kamar an daɓe shi. Lokacin da ya fi amfani shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya, kuma a nan ƙasar wannan lokaci gajere ne, domin rana ba ta daɗewa a gefen sama. A lokacin ne haske ke zuwa daga gefe, ya haska rabin kowace albasa ya bar rabi a inuwa, sai ka ga ta fito da cikakken jikinta. Inuwar kanta siffa ce: ƙarfen taga, da bulo mai huda, da matakalar bene duk suna zana layuka a ƙasa waɗanda sau da yawa sun fi abin da ya haife su kyau a hoto. Da damina ruwan da ya kwanta a titi yana ninka maka gini ya zama biyu, da hunturu kuma hazon Disamba da Janairu yana shafe ƙananan abubuwa ya bar manyan siffofi kaɗai.

Ga dabara ɗaya da masu zane suka daɗe suna yi. Ka ɗan lumshe ido har sai abin da ke gabanka ya dushe. Abin da ya rage kana gani, wato manyan curin haske da duhu, shi ne ƙashin bayan hotonka. Ko kuma ka mayar da kyamarar wayarka baƙi da fari na mako guda, domin jan tumatir yana da ƙarfin da yake ruɗin ido har mutum ya zaci ya sami hoto alhali launi kawai ya samu. A 1930 wani Ba'amurke mai suna Edward Weston ya sanya tattasai ƙwaya ɗaya a cikin mazurarin gwangwani ya ɗauke shi baƙi da fari, kuma har yau ana lissafa wannan hoto cikin fitattun hotunan ƙarni na 20. Babu abin da ke cikinsa sai lanƙwasar jikin tattasan da yadda haske ya bi ta. Irin wannan tattasai yana wucewa ta gabanka buhu-buhu kowace safiya.

Zubi shi kaɗai, in babu abin da ya karya shi, yakan ƙosar da mai kallo bayan ɗan lokaci, domin ido ba ya samun inda zai sauka. Ka jira har hannun mai tsinta ya shigo cikin kwandunan, ko ka nemi kwando ɗaya na ɗanyen tumatir kore a tsakiyar jajaye. Kuma a nan zan faɗi abin da ya taɓa faruwa da ni, don ka guje masa. Na taɓa tsayawa a saman wani bene ina ɗaukar 'yan dako da suka jero da kaya a ka, domin jerin nasu ya burge ni, sai wani dattijo daga cikinsu ya ɗago kai ya tambaye ni ko na nemi izininsu. Ban nema ba, kuma gaskiyarsa ce. Na sauko na ba shi haƙuri na goge hoton. Son zubi yana iya sa mutum ya manta cewa waɗanda yake lissafawa a matsayin layi mutane ne masu neman abincinsu. Kai ɗan kasuwar ne, sun san ka, saboda haka sallama da neman izini ba za su yi maka wuya ba.

TAMBAYA: Ina ɗinki da surfani, kuma ina tallata kayana ta WhatsApp. Idan na ɗauki hoton yadi mai ƙananan layuka sai wasu igiyoyi masu launi su fito waɗanda babu su a jikin yadin, idan kuma farar shadda ce sai aikin da na sha wahalar yi ya ɓace gaba ɗaya. Wayar ce ta lalace? (Daga wata baiwar Allah a Idi-Araba)

AMSA: Hajiya, lafiyar wayarki ƙalau. Ki ɗauki gidan sauro ki ninka shi biyu ki ɗaga wa haske, za ki ga irin waɗannan igiyoyi suna yawo a jikinsa. Abin da ke karɓar haske a cikin kyamara shi ma saƙa ce ta miliyoyin ƙananan ɗigo da aka jera layi-layi, kuma idan layukan yadi suka yi kusan daidai da tazarar waɗannan ɗigo, sai zubin biyu su hau kan juna su haifi na uku. Maganinsa shi ne ki ɗan matsa gaba ko baya, ko ki ɗan karkata wayar, har sai sun ɓace. Kafin ki goge hoto ki buɗe shi ki faɗaɗa, domin wani lokaci fuskar wayar ce ke kawo igiyoyin, hoton kansa ba shi da su.

Farin aiki a kan farar shadda kuwa ba launi ne ke nuna shi ba, tudun zaren ne, kuma tudu ba ya bayyana sai da inuwa. Ki kashe fitilar kyamara, domin haskenta yana zuwa ne daga gaba ya cike duk 'yan ramukan da ke tsakanin zare. Ki shimfiɗa rigar kusa da taga ko ƙofa da safe, yadda haske zai bi ta kanta daga gefe, sannan ki riƙa juya ta a hankali har ƙyallin shaddar ya daina dukan idon kyamara. Ki taɓa wurin aikin a fuskar wayar, ki rage ko ki ƙara hasken har ki ga zare ɗaya-ɗaya. Bayan kayan kuma ya zama fili, bango ko zane mara ado, don kada ya yi gasa da aikinki. Na san za a ce mini Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya yi suna wajen zaunar da mata masu atamfa a gaban labule mai ado, kuma hotunan suka yi kyau ƙwarai. Haka ne, amma nasa baƙi da fari ne, kuma burinsa ya nuna mutum cikin kwalliyarsa. Ke burinki mai saye ya ga ɗinki.

TAMBAYA: Ina karatun zane a wata makaranta a Yaba. Duk misalan siffa da zubi da nake gani a littattafanmu na Turai ne, har na fara jin kamar wannan ilimi ba namu ba ne. Ni kuma na fi son in yi aikin da babu surar mai rai a ciki. Ina da makoma a wannan fanni? (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Ƙanena, ka cire hularka ka dube ta da kyau. Wanda ya ɗinka ta ya ƙirga zare, ya raba zagayen hular gida-gida daidai wa daida, ya maimaita zane ɗaya har ya komo inda ya fara ba tare da an ga mahaɗa ba. Wannan lissafi ne, ko da shi maɗinkin bai kira shi da wannan suna ba. Ka dubi babbar riga mai aska takwas: dogayen tsinayen nan da ke saukowa a ƙirji, ga tambari mai zagaye a gefe guda, ga gidan biyar. Abin lura shi ne aikin ba a raba shi daidai hagu da dama ba, an nauyaya gefe ɗaya, amma duk da haka rigar ba ta rinjaya a ido. Daidaita nauyi ba tare da raba abu biyu ba yana cikin abubuwa mafi wuya da ake koyarwa a makarantun zane, kuma maɗinkan Zariya da Kano da Bida sun daɗe da ƙwarewa a kai. Hausawa na cewa ido ba mudu ba, ya san kima.

Haka abin yake a gini. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara, kuma duk wanda ya ɗaga kai ya ga yadda bakunan rufin suke haɗuwa ya ga yadda layi mai lanƙwasa ke ɗaukar nauyi kuma ya zama ado a lokaci guda. Ka ƙara da ɗaurin guga a rufin soraye, da zankwaye a kusurwar gida, da dagi a fuskar zaure, da zayyanar da alarammomi ke yi a allon sauka da gefen Alƙur'ani rubutun hannu, da saƙar faifai da tabarma, da sassaƙar ƙwarya, da ƙunshin da mata ke yi a hannu. Kusan dukkansu babu surar mai rai a ciki. Saboda haka hanyar da ka zaɓa ba ƙunci ba ce, hanya ce mai faɗi wadda magabata suka riga suka share.

Su ma Turawan da kake karantawa, wasunsu daga wannan rijiya suka sha. M. C. Escher, ɗan ƙasar Holan wanda ya shahara da zanen siffofi masu shiga cikin juna, ya ziyarci fadar Alhambra da Musulmin Andalus suka gina a Granada a 1922, ya sake komawa a 1936 ya zauna yana kwafar adon bangonta. Tun a 1891 wani masani ɗan Rasha, Fedorov, ya tabbatar da cewa hanyoyin maimaita zane a kan shimfiɗaɗɗen fili, ta fuskar juyawa da madubi da zamewa, iri 17 ne kacal. Ka gwada ɗaukar hula goma ka gano ta wace hanya kowace ta maimaita zanenta. Za ka koyi abin da babi guda na littafi ba zai koya maka ba.

Tunda kuma a Legas kake, kada ka tsaya a kan namu kaɗai. Ka je gidan baje kolin Nike a Lekki ka ga adire na Yarbawa, wanda ake zana wa ƙullun rogo ko a ɗaure shi kafin a tsoma a baba, ka kwatanta shi da rinin Ƙofar Mata. Ka ciro takardar naira 20 ka ga Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta rasu a 1984, sannan ka nemi hotunan tukwanenta ka lura da yadda take raba jikin tulu da layuka kafin ta cika tsakaninsu. Wanda na fi so ka yi nazari a kansa shi ne J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rayu a wannan gari ya rasu a 2014. Daga 1968 ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan dubu, akasari baƙi da fari, da yawa daga ƙeya, bayansu fili ba komai. Da ya cire fuska da launi da ɗaki, sai tsagar kitso da miƙewar zare suka rage, har wani kitso da ake kira onile gogoro ya tsaya kamar dogon bene. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki abin da kowa ke gani a gida da muhimmanci, ya bi shi shekara da shekaru. Har yanzu hulunanmu da faya-fayanmu da zanen gidajen da ake rushewa a tsofaffin birane suna jiran mai irin wannan haƙuri. Ko 'yan ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, damuwarsu irin taka ce, kuma mafitar da suka samu ita ce su riƙe dabarar makaranta su cika ta da zanen gida.

TAMBAYA: Me ya sa duk dogon ginin da na ɗauka a Marina yake fitowa kamar zai faɗi ta baya? (Daga wani mai karatu a Obalende)

AMSA: Malam, saboda kana ɗaga bakin wayar sama ne don ginin ya shiga duka. Da zarar waya ta karkata, layukan da suke tsaye sai su riƙa matsowa kusa da juna ta sama, kuma babban idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, yana ƙara wa abin tsanani. Ka ja da baya sosai, ka riƙe wayar a miƙe, ka kunna layukan nan da ke raba fuskar kyamara gida tara ka daidaita gefen ginin da ɗaya daga cikinsu, daga baya ka yanke titin da ya yi yawa a ƙasa. Idan wayarka tana da ido na biyu mai jawo nesa, ka yi amfani da shi, domin ɗauka daga nesa tana sa tagogi su jeru daidai kamar saƙa.

Wani lokaci kuma karkatar ita ce hoton, muddin da gangan ka yi ta. Ka tsaya kusa da ginshiƙin gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, ka kalli sama, za ka ga wayoyin da ke riƙe da ita sun bazu daga wuri ɗaya kamar haƙarƙarin laima. Babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina don FESTAC, bikin baje kolin al'adun Afirka da baƙar fata na duniya na 1977, shi kuma akasin haka yake buƙata: siffarsa ta hular soja ba ta fitowa daga kusa, sai ka yi nisa har ka ga lanƙwasar rufin daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ya fi kyau da yamma, lokacin da rana ta sauko ta gefensa ta fito da haƙarƙarin ginin ɗaya bayan ɗaya.